Tudu Na Biyu a Bangon Ɗakin Mma Luba

A unguwar Maamobi da ke Accra, idan aka ambaci Mubarika mai ƙanƙara, tsofaffin mata sukan taɓe baki, wata ma ta kawar da kai. Rabonta da sayar da ƙanƙara an jima, sunan ne ya manne mata. Abin da suke riƙe da ita da shi kuwa shi ne ta hana su shiga duba uwarta lokacin da uwar take kwance rai a hannun Allah. Gaskiya ne, ta hana. Amma masu yawo da labarin ba sa faɗin abin da ya sa, kuma sun san shi sarai, don a gabansu aka yi komai.

An haife ta a wani gidan haya da ke cikin lungu, kusa da babbar kwata. Ubanta Abdul-Karim maigadi ne, jikan ɗan sandan zamanin Turawa, wanda bai gaji komai daga kakan nasa ba sai tsohon bel na fata da tsayuwa a miƙe. Uwarta, Mma Luba, koko da ƙosai take sayarwa da safe, amma ba da wannan aka san ta ba. Da dubiya aka san ta. Babu gidan da aka yi ciwo tsakanin Maamobi da Nima da ba a ga Luba a cikinsa ba, da fulas ɗinta na koko a hammata. Ta zauna a kan masu naƙuda, ta zauna a kan masu shanyewar jiki, ta riƙe hannun mutane da yawa har suka cika. Ba ta tara komai a duniya ba sai wannan, kuma ta san ta tara.

Mubarika ce ta farko a gidan da ta kai sakandare, a ajin kimiyya ma. A can ta haɗu da Malam Abass, wani siririn malamin fiziks da alli ba ya barin gaban rigarsa. Shi ba ya fara darasi sai ya ja layi biyu a allo, ɗaya a kwance, ɗaya a tsaye. Yakan ce duk abin da ya rikita mutum, ya kwantar da shi a tsakanin layukan nan biyu, zai nuna fuskarsa. Giraf ake kiran zanen, kuma yawancin 'yan ajin sun tsane shi. Ita kuwa ta same shi kamar wanda ya daɗe yana jin magana ta bayan katanga sai aka buɗe masa taga.

Darasin da ya fi zauna mata shi ne na inji da zafi. Malam Abass ya zana layi ya tashi daga wani ɗigo, ya hau, ya karkata, ya sauko, ya koma inda ya fito, ya rufe fili a tsakiya. Ya ce faɗin filin nan shi ne aikin da inji yake ba ka duk zagaye ɗaya. Sai ya juya kibiyar da ke nuna inda layin ya dosa, layin ya bi hanyar ta baya, ya ce ga firji. Yanzu filin ba aikin da aka ba ka ba ne, aikin da kai ka bayar ne, wutar da ka ciyar da shi. Firji ba ya ƙera sanyi. Zafin da ke cikinsa yake kwasowa ya zubar a waje, kuma ba ya zubar da shi shi kaɗai, sai ya ɗora nasa a kai, gwargwadon filin nan. Ya tasa su zuwa ɗakin malamai, ya sa kowa ya taɓa bayan firjin da ke wurin. Ɗumi ne. Mubarika ta daɗe da hannunta a kai tana murmushi ita kaɗai.

Ta ci jarrabawa da kyau, amma a shekarar uban ya rasu, karatu ya tsaya nan. Ta auri Salamu direban trotro, bas ɗin haya na cikin gari, tana sonsa, shi ma yana sonta. Ya bi hanyar Libiya neman abin da ya fi tuƙi, ya riƙa kira, daga baya kiran ya yi nisa, daga baya ya ɗauke. Ta dawo ɗakin uwarta ba ɗa ba jika, da abu ɗaya da ta mallaka, tsohuwar firiza mai murfi a sama da ta saya a Kawukudi. Ɗaki ɗaya ne, rufin kwano ba silin, taga ɗaya da ke kallon bangon maƙwabta, kusa har mutum zai iya taɓa shi da hannu. Gadon Mma Luba ya ci bango ɗaya, firizar ta ci ɗaya, Mubarika tana shimfiɗa tabarma a tsakani. Tana ɗaura sobolo, wato zoɓo, da ruwa a leda, su daskare, ta kai mahaɗar Kawukudi a cikin kula mai riƙe sanyi ta sayar wa direbobi da fasinjoji. Da wannan suka rayu shekara da shekaru. Layukan Malam Abass kuwa suka kwanta can ƙasan kanta, ƙarƙashin farashin sukari da ɗaukewar wuta.

Ciwon ya zo a ƙarshen Fabrairu, lokacin da Accra take zama kamar cikin tukunya. Ƙafafun Mma Luba suka kumbura, numfashi ya fara yi mata wuya, ba ta iya kwanciya sai an jingina ta da matashi. Likita ya ce zuciyarta ce ta gaji. Ya rubuta magani, ya ce a rage gishiri, ya ce abu mafi muhimmanci a ajiye ta a wuri mai sanyi da iska, don zafi yana sa zuciya aikin da wannan ba za ta iya ba. Mubarika ta amsa da to. A cikin trotro tana dawowa dariya ta kama ta, irin wadda ba ta da daɗi. Wuri mai sanyi, a Maamobi, a watan Maris. Fankarsu ma idan ta juya, iskar zafi take kwasowa daga kwano ta watsa wa mutum a fuska.

Labari ya zaga cewa Luba ta kwanta, unguwa ta tashi ta biya abin da Luba ta yi mata. Bayan la'asar, da an tashi daga kasuwa, sai su fara shigowa. Masu tumatir daga Kasuwar Nima, masu atamfa daga Makola, matan masallaci, matan ƙungiyar suna da biki, kowacce da mayafinta mai kauri, kowacce da fulas ko kwanon tuwo yana tururi. A gaba kullum Magajiya Sahadatu ce, shugabar matan unguwa, sa'ar Luba, mace mai jiki da murya. Ita take zama a bakin gado. Saura su cika tabarma, su cika bakin ƙofa, wasu a tsaye. A saki labulen taga, don kada iska ta bugi marar lafiya, kuma don maza suna wucewa ta lungu. A yi addu'a tare, a yi hira, a tuna wa Luba ranar da ta kwana a kan wance da ranar da ta ɗauki wane a bayanta zuwa asibiti. Luba tana haki, amma fuskarta a sake. Wannan ranar ta yi wa aiki duk rayuwarta.

Magajiya ce ta kawo dabarar firiza. Ta ga gumi yana zuba daga wuyan ƙawarta, ta dubi akwatin sanyi a gefe, ta ce ga rahama a ɗaki ana kallonta. Ta sa aka ɗaga murfin aka tokare shi da muciya, wata ta ɗauki kwali tana fifita sanyin zuwa gado. Kowa ya yaba. Mubarika ta shigo daga talla, ƙafafunta suna zogi, ta ji sanyin ya taɓa fuskarta, wani abu ya motsa can cikin kanta ya koma ya kwanta. Wace ce ita da za ta gyara wa Magajiya zama a gaban jama'a? Daga ranar ya zama ƙa'ida, da la'asar a ɗaga murfi, ba a rufewa sai mutum na ƙarshe ya fita.

Kullum kuwa bayan magariba numfashin Mma Luba yake ƙwacewa. Ƙirjinta ya riƙa ɗagawa, leɓɓanta su canza launi. Matan suka ce ai haka ciwo yake, faɗuwar rana nauyi gare ta. Aka kwashe ta a tasi zuwa asibiti, aka dawo da ita, aka sake kwasarta. A karo na biyu wata nas ta ja Mubarika gefe ta ce mata, ba da faɗa ba, idan aka sake kawo tsohuwar nan a wannan hali, kada ta sa rai za a koma da ita gida.

Mubarika ba ta fita talla washegari ba. Ta zauna a bakin ƙofa tana tambayar kanta abu ɗaya, me ya sa sai magariba? Rana da azahar take cin mutum. Da magariba waje ya fara hucewa, yara sun fito wasa, me ya sa a lokacin ne uwarta take shaƙewa? Ta juya tambayar ta kowane gefe ba ta ga kanta ba. Sai ta tashi ta je shagon magani a Nima ta sayo ma'aunin zafi irin na rataye a bango, ta roƙi guntun alli a makarantar lungu, ta koma bayan ƙofar ɗakinsu, inda bango yake da duhun siminti, ta ja layi biyu. Rabonta da yin haka tun tana budurwa.

A layin kwance ba ta rubuta awanni ba, salloli ta jera, asuba, azahar, la'asar, magariba, isha'i, don da su ranar gidan take tafiya. Layin tsaye na zafi ne. Duk bayan ɗan lokaci ta auna tsakar gida ta ɗiga da farin alli, ta auna kan gadon uwarta ta ɗiga da gawayi. Da ɗigogin suka taru ta haɗa su.

Farin layin bai ba ta mamaki ba. Tudu ɗaya ne kamar tozon sa, ya hau zuwa bayan azahar, ya gangaro a hankali. Baƙin layin ne ya tsayar mata da numfashi. Shi ma ya hau da azahar, ya fara sunkuyowa kamar zai bi ɗan'uwansa, sai da la'asar ya ɗaga kai ya sake hawa, ya wuce tudun farko, bai fara sauka ba sai bayan isha'i. Tudu na biyu. Kuma ƙololuwarsa tana daidai kan magariba, inda uwarta take shaƙewa.

Da farko ta ɗora wa bulo da kwano laifi, don ta san bango yana shan rana ya riƙe, ya saki daga baya. Sai ranar Lahadi aka yi babban biki a Kotobabi, unguwa ta kwashe gaba ɗaya, ba wanda ya zo dubiya, murfin firiza ya wuni a rufe, labule a ɗage. Ranar tudu na biyu bai tashi ba, ɗan kumburi kawai ya yi ya kwanta. Mma Luba ta sha koko, ta yi magariba a zaune ba haki, har ta yi mitar an tafi biki an bar ta. Mubarika ta tsaya gaban bangon, ga layin jiya, ga na yau, ga filin da ke tsakaninsu a buɗe kamar baki. Ta miƙa hannu ta taɓa gefen firizar. Ɗumi, ko da murfin a rufe. Sai komai ya dawo mata lokaci ɗaya, kibiyar da aka juya, filin tsakiya, ɗakin malamai. Ta sulale ƙasa ta zauna. Abin da take ciyar da uwarta da shi, da mutanen da uwarta take so fiye da abinci, su ne suke dafa ta.

Litinin da la'asar ta tari Magajiya tun a tsakar gida, ta durƙusa ta gaishe ta yadda ya kamata, ta roƙi a bar murfin a rufe. Ta yi bayani iyakar iyawarta. Ta ce injin idan an buɗe shi ba ya hutawa, sanyin da yake bayarwa ta sama kaɗan ne, zafin da yake zubarwa ta gefe ya fi shi, kuma duka a ɗaki ɗaya suke.

Magajiya ta dube ta daga sama har ƙasa. "Ɗiyar Luba, ni na riƙe ƙafar uwarki ranar da aka haife ki. Sanyi na ji a fuskata. Ke za ki gaya mini zafi ne?"

"Magajiya, don Allah ki taɓa gefenta."

Ta shiga, ta taɓa, ta janye hannu da sauri. Ta ce wannan harkar inji ce, ba ruwan mutum da ita, kowane inji yana ɗumi. Da Mubarika ta tsaya nan, wataƙila da an rufe murfin an wuce wurin. Sai dai ba za ta iya tsayawa ba, don firizar rabin tudun ce kawai. Ta ce akwai kuma yawan mutane. Ta ce kowane jiki murhu ne ƙarami, ga fulas, ga tuwo, ga labule a sake, ɗakin ba shi da inda zai fitar da abin da ake zuba masa.

Matan suka dubi juna.

"Wato mu ne zafin," in ji Magajiya a hankali. "Mu ne muke kashe Luba."

Mubarika ta rantse ba haka take nufi ba, ta ja ƙofa don ta nuna musu zanen, tana ganin idan suka gani da idonsu magana ta ƙare. Nan ta yi babban kuskurenta. Ita tana ganin tudu biyu da fili a tsakani. Su suka ga sunayen salloli a jere, da ɗigo-ɗigo na gawayi, a ɓoye a bayan ƙofar ɗakin marar lafiya. Wata Shifa mai sayar da gishiri ta yi salati ta ja baya. Kafin isha'i labari ya kai Nima cewa 'yar Luba tana zana hatimi a bango, tana lissafin kwanakin uwarta don ɗakin ya zama nata. Ɗaki! Ɗakin haya mai taga ɗaya da kwano mai yoyo, shi ne wai za a kashe uwa a kansa. Kuma manyan mata masu jikoki suka ɗauki wannan magana suka kai ta gida gida ba wadda kunya ta kama.

Ta fara da abin da yake hannunta. Ta roƙi mai gidan ya bari a fitar da firizar tsakar gida a ja mata waya, ya ce tsakar gida ta kowa ce. Ta nemi maƙwabcin da zai ajiye mata, kowa ɗakinsa kamar nata. Sai ta kira wani Saaka mai sayar da kifi a Kasuwar Nima, ta sayar masa da firizar, ya zo da kura da majiya ƙarfi, aka fitar da ita ta lungu a karkace, tana gogar bango. Mubarika ta tsaya tana kallon sana'arta tana tafiya, ba ta yi kuka ba, ta koma ta share inda firizar take. Tudu na biyu ya ragu. Bai tafi ba. Matan suna zuwa kamar kullum, yanzu ma sun fi yawa, don kowa yana so ya ga bangon. Ranar Laraba da magariba Mma Luba ta sake fara shaƙewa, Mubarika ta kori kowa waje da ihu, ta yage labulen, ta jiƙa zane ta lulluɓa mata, tana fifita tana kiran sunan Allah har numfashin ya dawo.

Washegari ta je gidan Magajiya da tayi. A riƙa zuwa da safe. Ko a riƙa shiga ɗaya bayan ɗaya, a gaisa a fito. Magajiya ta ce da safe mutane suna kasuwa, kuma shiga ɗaya ɗaya ba dubiya ba ce, layin asibiti ne. Dubiya taro ce, a haɗa baki a yi addu'a, marar lafiya ya ɗaga ido ya ga jama'arsa. Wa zai fara shiga, wa zai tsaya a lungu kamar mai bara? Haka aka yi wa iyayensu, haka Luba ta yi wa kowa, haka za a yi wa Luba.

Da la'asar ɗin suka zo, suka tarar da Mubarika a bakin ƙofa, hannu ɗaya a kowane gefe.

"Matsa," in ji Magajiya.

"Ki yi haƙuri, Magajiya. Ba zan matsa ba."

"Luba ta zauna a kan mijina har ya cika. Ita ta rufe masa ido. Ke kina ina?"

"Na sani. Ba zan matsa ba."

Daga ciki muryar Mma Luba ta fito, siririya, tana tambaya su wa ke nan, Sahadatu ce? A shigo mana. Mubarika ta ji maganar ta ratsa bayanta kamar ruwan zafi, amma ba ta sauke hannu ba. Magajiya ta daɗe tana kallonta. Sannan ta ɗaga murya yadda ta ciki za ta ji, ta ce Luba, mun zo, 'yarki ta hana, Allah ya ba ki lafiya. Ta juya. Suka bi ta da fulas ɗinsu da kwanukansu, ko ɗaya ba a ajiye ba.

Daga nan baƙin layin ya fara bin farin layin kamar ƙani da wa. Tudu ɗaya, sannan gangara. Kumburin ƙafa ya sauka. Magariba ta riƙa zuwa ta wuce lafiya. Mubarika ta samu aikin tsintar albasa a kasuwar Agbogbloshie, ta fita da asuba ta ware ruɓaɓɓu daga masu kyau, ta dawo kafin azahar tana warin albasa, ta hau tsani ta shimfiɗa tsofaffin buhuna a kan kwano ta yayyafa musu ruwa. A lungu ba mai amsa gaisuwarta. Mai famfon da take sayen ruwa a wurinta ta riƙa karɓar bokitinta ba tare da ta dube ta ba.

Duk wannan da sauƙi. Abin da ya fi shi ne uwar. Mma Luba ta juya fuska ga bango. Tana karɓar magani, tana cin abin da aka ba ta, amma ba ta magana. Da an kira la'asar sai ta gyara ɗankwali, ta kasa kunne ga lungu, ta ji takalma suna zuwa, ta ji sun wuce. Wata rana Mubarika tana shafa mata mai a ƙafa, ta ce ba tare da ta juyo ba, "Kin binne ni da raina."

"Mma, numfashinki nake nema miki."

"In yi me da shi? Duk wanda na zauna a kansa ya tafi yana kallon mutane. Ni sai in tafi ina kallon alli."

Mubarika ta ci gaba da shafa man. Ta san zanen bai yi ƙarya ba, ta kuma san uwarta ba ta yi ƙarya ba, kuma babu layi biyu da za ta kwantar da wannan a tsakaninsu. Ta riƙe ƙofar haka har ƙarshen zafin, tana ramewa, idonta yana zurmawa, tana duba ma'auni kamar mai duba fuskar alƙali.

Ruwan farko ya sauka a Afrilu, da iska da tsawa, kwata ta cika ta tumbatsa. Gari ya huce. Baƙin layin ya kwanta ƙasa, ko da azahar bai kai inda yake kaiwa da asuba a watan jiya ba. Mma Luba tana raye. Ta fara zama da kanta, ta fara takawa zuwa bakin ƙofa. Mubarika ta buɗe ƙofar gaba ɗaya, ta share tabarma, ta aika a gaya wa mutane an buɗe. La'asar ta yi, ba wanda ya zo. Washegari ma haka. Tsohuwar ta zauna da ɗankwalinta a gyare tana kallon lungu.

Sai Mubarika ta sa mayafi ta je gidan Magajiya, ta zube a ƙasa. Magajiya ta bar ta a durƙushe har ta gama lazimi. Sannan ta faɗi sharaɗi. A goge bangon. Kuma ranar Juma'a, a gaban mata, Mubarika ta faɗa da bakinta cewa zanen shirme ne, ba su ne suka ƙara wa Luba ciwo ba, Allah ne ya kawo sauƙi da lokacinsa ya yi. Mubarika ta ce za ta nemi gafara a gaban kowa, za ta goge bango, amma kada a sa ta ce zanen shirme ne, a bar mata wannan ɗaya. Magajiya ta ce to ta tashi ta tafi.

Ba ta tashi ba. Ta tuna ɗankwalin da ake gyarawa kullum da la'asar. Ta ce ta yarda.

Ranar Juma'a ta tsaya a tsakar gida, macen da ta sayar da abincin bakinta, ta hau kwano da rana tsaka, ta ɗauki zagin unguwa guda a kanta, ta ce ta yi kuskure, zanen shirme ne. Ta ɗauko tsumma da ruwa ta wanke bangon suna kallo, farin layi da baƙi suka narke suka gangara ƙasa. Shifa ta ce Alhamdulillahi, shaiɗan ya kunyata. Suka shiga, suka cika ɗakin, aka saki labule. Mma Luba ta riƙe hannun Magajiya tana dariya tana hawaye, ta riƙa kiran sunayensu ɗaya ɗaya. Babu wadda ta ce wa Mubarika sannu. Har yau babu.

Tana nan a Maamobi, a ɗakin, da uwarta. Tana zuwa albasa da safe, da yamma 'yan sakandare na lungu sukan zo ta nuna musu yadda ake jan layi biyu, iyayensu suna ba ta abin da ya samu, wasu a ɓoye. Ta sha roƙon mai gida ya bari a fasa taga ta biyu, kullum sai ya ce zai duba. Ma'aunin zafin yana ƙasan jakarta, naɗe a tsumma.

Zuciyar Mma Luba ba ta warke ba, likita ya faɗa tun farko ba za ta warke ba. Da Janairu ya fara ƙarewa, iska ta fara nauyi, wata yamma bayan matan sun tafi, tsohuwar ta kira 'yarta kusa, ta kama wuyan hannunta da ƙarfin da ba a zaci tana da shi ba.

"Bana kada ki tsaya a ƙofa. Ko me kika gani. Ki ce kin ji."

Mubarika ta dubi bayan ƙofar, inda simintin ya fi sauran bangon haske saboda wankin da ya sha. Ta dubi hannun da yake riƙe da ita, jijiyoyinsa duk a waje.

"Na ji, Mma," ta ce.

Ta tashi ta ɗage labulen.